Fadamar Filorida: inda baƙi ke kallon kada kafin su shiga teku

Can kudancin ƙasar Amurka akwai wata jiha da ake kira Filorida. Teku ya kewaye ta gabas da yamma da kudu. A bakin tekun akwai babban birni, sunansa Mayami. Manyan jiragen ruwa na tsayawa a tashar wannan birni, amma da yawa cikinsu ba kaya suke ɗauka ba. Mutane suke ɗauka. Mutanen kuwa ba fatake ba ne, ba ƴan cin rani ba ne. Masu hali ne da suka tara kuɗi don su huta. Sukan yi kwana uku, ko mako guda, bisa teku. Jirgi na yawo da su daga tsibiri zuwa tsibiri, suna ci, suna sha, suna barci, kana ya maido su inda ya ɗauke su.

A shekara ta 2024 fiye da mutum miliyon 8 suka bi ta wannan tasha. A cikin shekarar ne wani sabon jirgi mai suna Icon of the Seas ya fara tashi daga nan. Tsawonsa metir 365. Yana iya ɗaukar matafiya 7,600, ban da ma'aikatansa da suka fi 2,000. Gari guda ke nan bisa ruwa.

Irin wannan jirgi ba ya jiran kowa. In lokaci ya yi sai ya tashi, wanda ya makara kuɗinsa sun tafi. Don haka masu hankali sukan iso Mayami tun ana gobe tafiya. To, ga wuni guda ba aikin komi. Da yawa sai su ce bari su je su ga kada.

Kogin da ba a ganin tafiyarsa

Daga tsakiyar birni mota kan yi tafiyar awa guda ta nufi yamma. Gidaje su ƙare, kantuna su ƙare. Sai ciyawa, iyakar ganin ido, ba dutse, ba tudu. Baƙo zai ce dajin kiwo ne. Amma in ya sauka ya taka, sai ƙafarsa ta nutse. Ciyawar duka cikin ruwa take tsaye.

Wannan ita ce fadamar da Turawa ke rubuta sunanta Everglades. Mutanen da suka riga Turawa zama a wurin suna ce mata Pahayoki, wato ruwa mai ciyawa. Sun fi kusa da gaskiya, don kuwa ba tabki ba ce, kogi ne. A arewa akwai wani babban tabki, Okicobi. A zamanin da, in damina ta yi ƙarfi sai tabkin ya cika ya tumbatsa, ruwan ya malalo kudu har teku. Tsawon tafiyarsa wajen kilometir 160, kamar daga Damagaram zuwa Gure. Faɗinsa kusan kilometir 100, kamar daga Damagaram zuwa Magarya. Zurfinsa kuwa a wurare da yawa bai kai gwiwa ba. Ƙasar shimfiɗe take kamar tabarma: a kowane kilometir da yatsa biyu kawai take gangarawa. Shi ya sa ruwan bai cika yin kilometir ɗaya a wuni ba, ido ba ya ganin motsinsa.

Daminarsu da ta ƙasar Hausa kusan lokaci guda suke, daga Yuni zuwa Oktoba. Amma ruwan da ke sauka can ya kai milimetir 1,500 a shekara, kusan ninki uku na Maraɗi. Daga Disamba zuwa Afrilu rani ne. A lokacin ne ruwa ke janyewa, sauro ya ragu, dabbobi su taru inda ruwa ya saura. A lokacin ne kuma mutanen arewacin Amurka ke gudun sanyin ƙasarsu su zo shiga jirgi. Abu biyu sun dace. Wanda ya zo da damina, sauro ne zai fara yi masa maraba.

A bakin hanya akwai masu haya da wani irin jirgi na wurin. Gindinsa shimfiɗe yake kamar faranti. A bayansa an kafa inji da babbar farfela irin ta jirgin sama, cikin keji na waya. Iska ke tura shi, yana sulɓi bisa ciyawa ko da ruwan taki ɗaya ne. Ƙararsa ta yi yawa, har sai an ba kowa abin toshe kunne. Ana kuma gargaɗin mutane kada su miƙa hannu waje, don gefen ciyawar yana da haƙora kamar zarto, yana yanka fata. Baƙi na son wannan jirgi saboda gudu. Amma gaskiya ƙararsa na korar tsuntsaye tun daga nesa. Mai son gani sosai gara ya shiga gandun ya taka da ƙafa.

Gandun na gwamnati ne. Shugaba Harry Truman ya buɗe shi ran 6 ga Disamba 1947. Girmansa hekta 610,000, kusan ninki uku na gandun W da ke ƙasar Nijar. Gandayen nan biyu suna da zumunci a takarda: a shekara guda, 1987, aka rubuta su cikin yarjejeniyar Ramsar, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla don tsaron fadamu da tabkuna. A wurin da ake kira Shark Valley an yi hanya mai kewaye ta kilometir 24, ana bin ta da keke ko da motar gandun, da hasumiya a tsakiya don hange. A wata ƙofar kuma, kusa da garin Homestead, an shimfiɗa gadar katako bisa ruwa. A nan angulu ta koyi wata ɓarna: takan sauka bisa motocin baƙi ta yayyage robar gilashi. Har tamfol ake ajiyewa don mutum ya rufe motarsa kafin ya shiga.

Kada mai ginar rijiya

Abin da kowa ya zo gani shi ne kada. Ba a shan wahalar nemansa. Da rani ga su nan kwance a bakin hanya suna shan hantsi, baki buɗe, kamar itacen da aka yar. Iri biyu ne. Akwai baƙi mai faɗin baki, wanda suke kira aligeta, shi ke zaune cikin ruwan daɗi, shi ya fi yawa. Babban namiji kan kai metir 4. Akwai kuma mai tsinin baki, mai launin toka, wanda ya fi kama da na kogin Kwara. Shi yana can bakin teku inda ruwa ke da gishiri. Duk duniya, a kudancin Filorida kaɗai irin nan biyu ke zaune tare.

Doka ta hana a matsa kusa da su fiye da metir 5. Ta kuma hana a ba su abinci. Dalili shi ne, kadan da ya saba karɓa daga hannun mutum ya daina tsoron mutum, ƙarshensa sai an kashe shi.

Baƙo na ganin kada kamar rago ne. Ma'aikatan gandun kuwa sun san shi ne mai ginar rijiyar daji. In rani ya matso, kada kan sami wuri mai ɗan zurfi, ya yi ta kwashe laka da ciyawa da baki da ƙafa da wutsiya, har ya yi gurbi mai faɗi. Ko'ina ya bushe, gurbin nan na riƙe da ruwa. Kifi ya gudo nan, kififiya da kwaɗi su zo, tsuntsaye su sauka, namun daji su zo sha. Mai rijiya yana karɓar ladansa, ba shakka: yakan cafke wanda ya yi sake. Amma saura suna kai wa damina da rai, su sake cika fadama. Makiyayin da ya taɓa kai garke rijiya guda cikin watan bazara ya san darajar wannan aiki.

Tsuntsaye ma sun san da haka. Sukan zaɓi itacen da kada ke kwance ƙarƙashinsa su yi sheƙa. Dabbobin da ke hawa su sha ƙwai ba su iya ratsa ruwan. In ɗan tsuntsu ya faɗo, rabon mai gadi ne.

An kusa ƙare kadojin nan saboda fatarsu, da ake takalma da jaka da ita. A 1967 gwamnati ta sa su cikin dabbobin da ke gab da ɓacewa, aka tsananta hana farauta. Bayan shekara 20, a 1987, aka ce sun farfaɗo. Yanzu an ƙiyasta sun fi miliyon ɗaya a jihar.

Tsuntsaye, da wata baƙuwa daga Afirka

Bayan kada sai tsuntsaye. Akwai zalɓe iri iri, fari da shuɗi. Akwai kwasakwasa. Akwai wani mai jan gashi da baki kamar cokali. Akwai wani baƙi mai dogon wuya da ke nutso ya soke kifi da baki, kana ya hau reshe ya shanya fukafukansa a rana kamar wanki. Akwai kuma wata irin shamuwa da ke kamun kifi da lalube, baki cikin ruwa. Mace da namiji da ɗiyansu suna bukatar kifi wajen kilo 200 a lokacin sheƙa guda. Ba ta samun wannan sai in ruwa ya janye sannu sannu ya tara kifi wuri ɗaya. In ruwa ya zo ba lokacinsa ba, sai ta bar sheƙa ta tafi, ɗiyan su mutu.

Wajen shekara ta 1900 an yi wa tsuntsayen nan kisan gilla. Matan Turai da Amurka na yayin sa gashin tsuntsu a hula. Mafarauta na shiga inda ake sheƙa su harbe iyaye, su fige su, su bar ɗiyan da yunwa. Aka ɗauki wani mutum, Guy Bradley, aikin gadi. A 1905 wani mafarauci ya harbe shi, ba a kuwa hukunta shi ba. Mutuwarsa ta tada hankalin jama'a, ta taimaka aka yi dokokin hana wannan ciniki.

A bakin hanyar mota, da wuraren kiwo na jihar, baƙo zai ga wata farar tsuntsuwa na bin shanu. Duk Bafulatani zai gane ta: balbela ce. Asalinta Afirka. Ba wanda ya kai ta, da fukafukanta ta ƙetare teku ta sauka Amurka ta Kudu tun kafin 1900. A 1953 aka ga sheƙarta ta fari a Filorida, kusa da tabkin Okicobi. Shanun da take bi kuwa, wasu na kabilar Saminol ne. Su da ƴan uwansu Mikosuki sun fake cikin fadamar nan lokacin da sojan Amurka ya yaƙe su, yaƙin da bai ƙare ba sai 1858. Sun zauna bisa ƴan tsibirai masu itace, suna rufin ɗaki da ganye irin na kaba, suna noman masara da kabewa. Yau Saminol suna cikin manyan masu shanu na jihar. Mikosuki kuma suna cikin masu ɗaukar baƙi a jirgi mai farfela.

Wanda ya sami lokaci ya kai Flamingo, can bakin teku, yakan ga ayu ya ɗago hanci yana numfashi. Ɗan uwan ayun kogin Kwara ne.

Abin da baƙo ba ya gani

Baƙon da ya zo na rabin wuni yana tsammani haka Allah ya bar wurin tun fil azal. Ba haka ba ne. Rabin fadamar ya riga ya tafi. Ruwan da ya saura ma, ƙofofin ƙarfe da injuna ke ba shi hanya.

Turawan da suka zo sun ɗauki fadama ƙasar banza ce, gidan sauro. A 1905 wani gwamna, Napoleon Broward, ya hau mulki da alkawarin zai tsotse ta a yi gonaki. Aka shiga ginar manyan magudanai daga tabki zuwa teku. Mutane suka zo suka zauna a gindin tabkin. A watan Satumba 1928 guguwar teku ta kaɗa ruwan tabkin ya fasa ganuwar ƙasa da aka yi masa. Mutum fiye da 2,500 suka mutu, galibinsu baƙar fata ƴan ƙodagon gona. Sai aka kewaye tabkin da ganuwa mai tsawon kilometir 230. Daga 1948 kuma aka gina magudanai na fiye da kilometir 1,600. Kogin ciyawa ya yanke daga uwarsa.

An sami gonaki, ba a musu. Kudu da tabkin akwai hekta wajen 280,000, yawanci rake, da kayan lambu. Ƙasar baƙa ce wuluk, mai albarka, don ruɓaɓɓiyar ciyawa ce da ta taru cikin ruwa shekaru dubbai. To amma irin wannan ƙasa ruwa ne ke riƙe da ita. In ta bushe sai iska ta ci ta, wuta ma na kama ta. A 1939 wuta ta yi ta ci har ƙarƙashin ƙasa, hayaƙi ya rufe Mayami. A garin Belle Glade, a tashar binciken noma, malamai sun kafa wani ginshiƙin siminti a 1924. Sun buga shi har ya taɓa dutse, kansa daidai da fuskar ƙasa. Yau ginshiƙin ya fito waje kamar tsayin dogon namiji. Ba shi ya tashi ba, gona ce ta sauka. Shekara da shekaru tana raguwa da santimetir 2 da rabi kowace shekara. A wasu gonakin garma ta kusa taɓa dutse. Yanzu manoma na rage ɓarnar: suna barin ruwa kusa da fuskar ƙasa, suna kuma sa shinkafa tsakanin rake da rake don gona ta sha ruwa.

Ruwan da ke fita daga gonakin ya kawo wata matsala. Yana ɗauke da fosfat, abincin shuka irin wanda ke cikin takin zamani. Ciyawar zarto ta saba da ruwa marar taki. Da taki ya shigo sai wata ciyawa ta fi ƙarfinta, ta yi duhu, ta toshe wa kifi da tsuntsu hanya. Ciyawar nan ba baƙuwa ba ce ga mai karatu. Kacalla ce, irin wadda ke cinye tabkuna da hanyoyin ruwa a wurare da dama na Nijar da Najeriya. Masana sun ƙiyasta cewa cikin tsuntsayen ruwa goma da ke sheƙa a wajen 1930, tara sun ɓace kafin ƙarshen ƙarnin.

Birni ma bai tsira ba. Rijiyoyin Mayami daga fadamar suke sha. Ruwanta ke tsatsafowa cikin dutse mai ramuka da ke ƙarƙashin birnin. Da fadama ta ja baya, sai ruwan teku ya kutso ta ƙasa, wasu rijiyoyi suka yi gishiri aka bar su. Mutum fiye da miliyon 8 ne ruwan shansu ya dogara ga wannan fadama.

Wata ƴar jarida, Marjory Stoneman Douglas, ita ta fara buɗe wa jama'a ido. A 1947 ta fitar da littafi inda ta nuna wurin kogi ne mai rai. Tana da shekara 79 ta kafa ƙungiya don hana gina babban filin jirgin sama a gefen fadamar, aka kuwa fasa ginin. Ta rasu a 1998 tana da shekara 108.

Ana maido ruwa

A shekara ta 2000 gwamnatin Amurka da ta jihar suka amince da wani shiri na maido ruwa hanyarsa. A lokacin, litir wajen miliyar 6 ake zubarwa teku kowace rana, a banza. Miliyar ɗaya miliyon dubu ce. An ce aikin zai ci dola miliyar 8. Dolar Amurka ake nufi, ba dalar tamma biyar ba: guda ɗaya ta fi tamma 500. Yau lissafin ya wuce miliyar 20, aikin kuma bai ƙare ba. Tsotse ruwan bai ci rabin haka ba.

Hanyar motar nan da baƙi ke bi daga Mayami, sunanta Tamiami. An gama ta a 1928, ta ratsa fadamar kamar madatsa. Yanzu an ɗaga wasu sassanta an mai da su gada, ɗaya a 2013, ɗaya a 2019, don ruwa ya wuce ta ƙasa. An kuma sayi gonaki fiye da hekta 20,000 aka mai da su fadama da gangan. Ruwan gonakin rake na bi ta cikinsu kafin ya wuce kudu. Abin mamaki, kacalla na cikin ciyayin da aka sa aikin tsotse takin. Alamar sauƙi ta fara bayyana. A 2018, bayan damina mai ƙarfi da rani mai janyewa a hankali, an ƙidaya sheƙa fiye da 120,000. Rabon da a ga haka tun wajen 1940.

Akwai ɓarna guda da kuɗi ba su sami maganinta ba tukuna. Mesa ce. Asalinta ƙasashen Asiya. Mutane ke sayen ƙananan su ajiye a gida don sha'awa. In ta girma ta gagare su, sai su kai ta daji su sake. Wajen shekara ta 2000 aka tabbata tana haifuwa cikin fadamar. Mace kan yi ƙwai 30, ko 50, wani lokaci har kusan 100. Wani bincike na 2012 ya nuna zomo da yanyawa sun daina ganuwa a hanyoyin gandun. Wasu ƙananan dabbobin kuma, cikin 100 da ake gani da, saura ɗaya ko biyu. Har kada takan haɗiye. Tun 2017 hukuma ke biyan mutane su kama ta, ana kuma yin gasar farauta. A 2023 an kama wata mai metir 5 da santimetir 79. An fitar da fiye da 20,000, amma ciyawa na ɓoye saura. Baƙo da wuya ya ga ko ɗaya. Abin da zai lura da shi, in mai lura ne, shi ne bai ga zomo ba.

Da marece motoci kan maido baƙi birni, fuska ta ƙone da rana, kowa na nuna wa ɗan uwansa hoton kada. A masauki su buɗe famfo su yi wanka da ruwan da ya tsatsafo daga inda suka wuni. Washegari da hantsi su ja kayansu zuwa tasha, a duba takardunsu, su hau. Wajen la'asar jirgi ya yi kuka, a kwance igiyoyi, ya juya ya nufi gabas.